Irin Doyar Mnena a Tukunya

Duk wanda ya taɓa cin sakwara a tashar Doma da ke cikin garin Lafiya ya san Sailuba. In bai riƙe sunanta ba, to ya riƙe muryarta. Gajeriyar mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya da ita, amma bakin nan ko gezau. Ba ta taɓa zama a aji ba, ba ta kuma taɓa jin an fi ta da komai ba. Direba ya ci ya ƙoshi ya ce miya ta yi gishiri, sai ta ce ya je uwarsa ta dafa masa marar gishiri. Gobe kuma ka gan shi a kan bencinta yana wanke hannu.

Amma sakwarar nan da ake layi a kanta, rabin sirrinta ba a taɓaryar Sailuba yake ba, a gonar Mnena yake. Mnena 'yar Tibi ce, doguwa, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana noma a wani ƙauye da ke kan hanyar Doma. Tun suna goyo take kawo wa Sailuba doya. Kuma ba kowace doya ba: wata ce mai dogon wuya da jan gashi a ka, in an daka ta sai ta yi danƙo kamar za ta bi hannu. Mnena ta ce daga rumbun uwarta ta zo da irin, ranar da aka kawo ta gidan miji. Shekarar da rikici ya tashi aka ƙona gidaje, mutanen ƙauyensu suka tsallaka Binuwai, Mnena ta bar tukwanenta, ta bar zannuwanta, ta ɗora daron iri a ka ta bi daji da shi. Da ƙura ta lafa ta dawo ta tarar da toka a inda ɗakinta yake, ta shuka abinta. A kasuwa ma sunan doyar ke nan, 'yar Mnena.

Cinikinsu kullum faɗa ne, kuma Hausar Mnena ba ruwanta da mace da namiji.

"Sailuba, kai ɓarawo ne. Ka zaɓa manya manya, ka bari mini yara."

"Ke kuma da tsadar tsiya. Doya ce ko zinari?"

"Ka ajiye, ka je ka saya na banza."

Ba ta taɓa ajiyewa ba. Sai su gama zage-zagensu su zauna su ci a kwano ɗaya.

To, ana nan, bayan an gama haƙar doya an cika rumbu, sai aka tsinci Mnena a ƙasa a bakin rumbun, baki ya karkace, ɓarin dama ya mutu. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye ta. Rai ya tsaya, amma magana ta tafi. Abin da ya rage mata idanu biyu ne da hannun hagu.

Ɗa ɗaya ne ya rage mata a duniya, Sebastian, wanda Sailuba ke kira Sabasti tun yana yawo ba wando. Da yana aiki a masaƙa a Kaduna. Aka rufe masaƙar aka sallame su, ya gangaro Mararaba yana acaɓa, shi da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya. Da asibiti suka ce a zo a ɗauke ta, sun yi iyakar nasu, sai aka zauna a gindin mangwaron harabar asibitin: Sebastian, da Iorliam ƙanen mijin Mnena, tsoho da idonsa ya fara hazo, sai Sailuba da ba wanda ya gayyace ta.

Iorliam ya ce a mayar da ita ƙauye a samo yarinya ta riƙa dubawa. Sebastian ya ce wace yarinya, rabin ƙauyen ma ba su dawo ba tun rikici. Mararaba kuwa ko tabarma ba wurin shimfiɗawa.

"Ku kawo ta wurina," in ji Sailuba. "Ina da ɗaki. Ba a taɓa jin an rasa inda za a sa uwa ba."

"Mama, wa zai ɗaga ta zuwa bayi? Wa zai juya ta in ta gaji da kwanciya? Ke kina tasha tun safe."

Sailuba ta dubi gwiwoyinta. Ita kanta sai ta dafa bango take miƙewa. 

Nan Sebastian ya kawo zancen wani gida a Shabu, kusa da Lafiya. Wata tsohuwar nas ce, Sista Lami, da ta yi ritaya ta mai da gidan mijinta marigayi wurin riƙon tsofaffin da ba su da mai duba su. Sailuba ta ce wannan ai ajiyar kaya ce a tasha, uwa ba ƙunshin kaya ba ce. Amma da ta ga ba wata hanya, sai ta ce ba za a kai ƙawarta ko'ina ba sai ta gani da idonta. Ta hau acaɓa har Shabu. Ta shiga ɗaki ɗaki tana sunsuna zanin gado. Ta leƙa bayi. Ta ɗaga murfin tukunya. Ta kama hannun wani tsoho ta duba farcensa, ta ɗaga rigar wata ta duba ko bayanta ya yi gyambo. Sista Lami na biye da ita, hannu a ƙugu.

"Hajiya, ko za ki duba ƙarƙashin harshensu ma?"

"Ban je Makka ba, kar ki ɗora mini. Kuma in na ga dama zan duba."

Ba ta sami abin kushewa ba, abin ya ba ta haushi ƙwarai.

Sai maganar biya. Sista ta ce ita ba gwamnati ba ce, ba kuma wanda ya tsaya mata. In da kuɗi a ba ta kuɗi, in babu a kawo abinci, tun da bakuna take ciyarwa. Sebastian ya ce kuɗi dai babu, amma rumbun uwarsa cike yake, zai kwaso doya. Sailuba ta ce madalla, Mnena ta ci guminta, ba ta ci sadakar kowa ba. In ruwa ya sauka 'ya'yan Iorliam su tara mata ƙasa a shuka iri, baɗi gonar ta sake biya mata. Kowa ya ce haka ne. Sebastian kuwa yana kallon ƙasa, amma ba wanda ya lura. Ya ɗauko akori-kura ya kwashe doya ya kai Shabu, ya kwantar da uwarsa a ɗakin da ke kallon madafa, ya koma Mararaba.

Da farko abin ya tafi daidai. Duk Lahadi Sailuba na rufe tukunya da wuri ta je. Ta tarar an yi wa Mnena wanka, an shafa mata mai, an zaunar da ita a baranda. Ta zauna ta kwashe mata labarin tasha kaf, ta zage ta da tsadar tsiya, Mnena ta yi dariya da rabin baki.

Da bazara ta kama, zafi ya fara dafa mutane, sai saƙo ya zo daga Shabu: Mnena ta rufe baki. Ba ta cin komai, ruwa ma sai da dabara.

Sailuba ta daka sakwara mai laushi, ta yi miyar busasshiyar kuɓewa da kifi yadda Mnena ke so, ta zuba a kula ta tafi.  Doguwar macen nan ta koma kamar kara a cikin zani, idanu sun faɗa. Ta gutsuro loma ta kai mata baki, Mnena ta kau da kai.

"Ke, ni ce fa. Ni za ki yi wa yanga? Buɗe bakin nan kafin in ɓata miki rai."

Mnena ta datse haƙora. Hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Ta ɗaga hannun hagu tana nuni, tana wani gurnani a maƙoshi.

"Haka take yi kullum," in ji Sista Lami daga bakin ƙofa. "Ta yi ta nuna tsakar gida. Ruɗewar tsufa ce, na ga irinta da yawa. In ta ci gaba sai dai a mayar da ita asibiti a sa mata roba ta hanci."

"Ruɗewa a gidanku. Matar da ke gane ɓarawon doya daga tafiyarsa?"

Sailuba ta dafa bango ta miƙe, ta bi inda yatsan ke nunawa. Ba tsakar gida yake nunawa ba, ƙofar madafa ce. Can mai girki na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, wuƙa a hannu, daro a gabanta, tana fere doya tana waƙar coci. Sailuba ta leƙa daron.

Ƙananan doya ne, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, jikinsu fari fat da toka, wasu har sun fara tsiro. Ga jan gashin nan a kansu. Mai girki ta ɗauki ɗaya, ta sare kan ta jefa a bokiti, ta fere saura.

Yanzu fa, duk wanda aka haifa tsakanin Lafiya da Doma, ko bai taɓa riƙe garma ba, ya san wannan. Iri daban yake da abinci. A can ƙuryar rumbu ake ajiye shi, a shafe da toka, a lulluɓe da ciyawa. Yunwa ta shiga gida, yara su yi ta kuka, ba a taɓa shi. Iri ba ya shiga tukunya sai in mai shi ya mutu, ko ya bar ƙasar ba zai dawo ba. Kuma ga Mnena an zaunar da ita a baranda, kullum safiya tana kallo ana sare kan irin uwarta ana jefawa a bokiti, ba ta da bakin da za ta ce a bari.

Sailuba ta fizge wuƙar daga hannun mai girki ta yi jifa da ita. Ihun da ta yi sai da tsofaffin gidan suka leƙo ta taga.

"Lami! Fito nan! Ke makauniya ce ko muguwa? Zaɓi ɗaya!"

Sista ta iso tana gyara tabarau. Ta dubi daron, ta dubi Sailuba, ba ta ko razana ba.

"Rage murya, akwai marasa lafiya."

"Ba zan rage ba. Mene ne wannan?"

"Iri ne. Ni ma 'yar manomi ce, ba sai kin gaya mini ba."

"Kin sani, kika sa aka dafa?"

"Manyan sun kusa ƙarewa, ina tattalinsu ne. Wannan kuma in an bar shi zai tsire ya lalace. Da ya sauke shi daga mota na tambaye shi, na ce Sebastian, wannan ai iri ne. Ya ce a haɗa duka, ya ƙara mata watanni. Na ce baɗi fa? Ya ce likita ya gaya masa da wuya ta ga ƙarshen damina." Ta numfasa. "Ina da bakuna bakwai a gidan nan, Mama. An kawo mini abinci, na karɓa."

"Sai kika zaunar da ita tana kallo."

 Sista ta waiga ta dubi barandar, ta dubi ƙofar madafa, ta ga yadda suke fuskantar juna. Ta cire tabarau ta goge da gefen riga.

"Ban kawo wannan a raina ba," in ji ta a hankali.

"Ba ki kawo ba. Ita kuwa ta kawo. Ɗanta ya yi lissafi ya ga ba za ta kai baɗi ba, kullum kuna karanta mata lissafin da wuƙa. In ke ce za ki ci? Wallahi sai na kai maganar nan gaban mai unguwa, in bai ji ba in kai gaba."

"Ki kai. Zai tambaye ki me na sata, ki ce me?"

Sailuba ta tsaya tana huci. Gaskiya ce mai ɗaci: ba wanda ya saci komai. Ba alƙalin da ke shari'ar irin wannan. Ta sunkuya da ƙyar ta tattara abin da ya rage a daron, ta shiga madafa ta jawo buhun da ke ƙurya. Ɗan abin da ke gindinsa bai taka kara ya karya ba.

"Wannan ba za a ƙara taɓawa ba."

"An riga an biya ni da shi. Abincin mutane ne."

"Kowane ƙarami ɗaya zan kawo miki babba ɗaya daga rumfata. Kin ci riba, 'yar manomi. Ina kuke zubar da kawunan?"

Aka nuna mata juji a bayan madafa, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Tsohuwa da ciwon gwiwa ta durƙusa cikin ƙazanta tana tona da hannu, tana tsine wa duk wanda ya zo bakinta. Da yawa sun ruɓe. Amma wasu kawunan, da suka sami laima, sun fito da tsiro ja kamar ƙahon ɗan akuya. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a gefen zaninta.

Daga Shabu ba ta zarce gida ba. Ta sauka a bakin tasha wurin mai waya da ke ƙarƙashin lema, ta ce a kira mata Sabasti. Da ya ɗauka ba ta ko amsa gaisuwarsa ba.

"Uwarka ta daina cin abinci, kuma na san dalili, kai ma ka sani. In Asabar ta yi ban gan ka a Shabu ba, zan shiga mota in zo Mararaba in tsaya a inda kuke jiran fasinja, in gaya wa abokan acaɓarka abin da ka yi da irin uwarka. Ka san muryata."

Ta miƙa wa mai waya abarta. Rabin tasha sun ji, ita ko a jikinta.

Asabar da hantsi ya iso a kan babur ɗinsa, ya yi baƙi ya rame, jar ƙasar hanya har cikin gashin ido. Sailuba ta tare shi a bakin ƙofar gidan tun kafin ya kashe inji. Ta kwance gefen zani ta zube masa kawunan doya a gaban taya.

"Ka gane su?"

Ya dube su, ya kashe babur, bai sauka ba.

"Mama, ki saurare ni."

"Ina ji. Yi mini ƙarya mai kyau."

"Ba ƙarya zan yi ba. Likita ya ja ni gefe ya ce in shirya. Ba ni da ko sisi. In na bar irin a rumbu, wa zai shuka? 'Ya'yan Baba Iorliam nasu ma ya fi ƙarfinsu, da baki kawai aka amsa miki. Ɓeraye su ci, ko a sace. Na ce gara ya saya mata kwanciya mai tsabta na watannin da suka rage. Me zan yi? Ki gaya mini me zan yi, in ke ce."

"In ni ce sai in tambaye ta."

"Ba ta magana!"

"Tana ji! Tana gani! Likitan nan shi ne Allah? Matar da ta ratsa daji ana harbi da daron nan a ka, kai kana Kaduna kana cin burodi, ita ka yanke wa kwana? Ko gawa ai sai an tabbatar ta mutu ake raba kayanta. Kai ka raba na uwarka tana zaune tana kallo, har ka sa a dafa a ba ta ta ci."

Sebastian ya kifa kai a kan babur. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sailuba ta san yaron nan ba mugu ba ne, talauci ne ya koya masa lissafi. Amma ba ta sassauta ba.

"Kuka ba ya tsiro. Sauko."

Ta riga ta gama da Sista tun kafin ya zo. A gaban barandar Mnena akwai wani fili da ake shanya, Sista ta dasa furanni a gefensa. Sailuba ta ce a nan za a shuka irin. Sista ta ce furanninta fa? Sailuba ta ce a dafa su a ba tsofaffi, tun da gidan komai dafawa ake yi. Sista ta yi tsaki, ta je da kanta ta kwance igiyar shanya, ta aro garma a maƙwabta.

Aka fito da Mnena a kujera. Da ta ga ɗanta sai ta rufe ido. Ya durƙusa ya gaishe ta da yarensu, ba ta buɗe ba. Sailuba ta miƙa masa garma.

"A wurinku tara ƙasa aikin namiji ne, haka ta sha gaya mini. Ga ƙasa, ga namiji in akwai."

An yi yayyafi kwana biyu da suka wuce, amma ƙasar tsakar gida ce, ta sha taku, ta yi tauri kamar daɓe. Sebastian ya tuɓe riga ya fara sara. Rabonsa da garma tun yana makaranta. Tulin farko ya fito a karkace kamar kabarin kaza. Wani tsoho daga taga ya ce, "Ɗana, doya za ka shuka ko gyaɗa?" Tsofaffi suka kwashe da dariya. Bai ɗago ba. Rana ta take, gumi ya wanke shi, tafin hannunsa ya yi ƙuraje suka fashe, ƙotar garma ta yi ja. Ya ci gaba.

Sailuba na zaune a gefen ƙawarta, ba ta kallon mai aikin, fuskar Mnena take kallo. Ƙarar garma na shiga ƙasa, tim, tim. Can sai ta ga fatar idon ta motsa. Ido ya buɗe kaɗan. Ya sauka a kan tulin ƙasa, ya tsaya. Aka jima. Sai hannun hagu ya tashi ya bugi hannun kujera da ƙarfi, ya sake bugawa, ya yi sama.

"Ta ce ka ƙara masa tsawo, malalaci," in ji Sailuba. "Doyarta mai dogon wuya ce."

Ya ƙara. Da ya gama 'yan tulin da filin zai ɗauka, Sailuba ta zaɓi kai ɗaya mai tsiro mai kyau ta sa a tafin Mnena. Mnena ta juya shi da yatsu, ta kai hanci ta shaƙa, ta daɗe tana riƙe da shi. Sebastian ya matso ya miƙa hannu biyu. Ba ta ba shi ba. Sai ta miƙa wa Sailuba.

Haka aka yi har aka gama: Mnena ta duba, Sailuba ta karɓa ta ba Sebastian, shi ya binne. Wanda ta ga ba zai yi ba ta sake shi ya faɗi ƙasa. Mai girki ta kawo busasshiyar ciyawa aka yi wa kowane tuli hula saboda rana.

Sannan Sailuba ta buɗe kula. Doyar kasuwa ce ta daka, ba 'yar Mnena ba, ta kuma faɗa mata haka.

"Ta banza ce, irin wadda kike ce in je in saya. Ki ci ki ji yadda nake shan wahala tun da kika kwanta."

Ta gutsuro 'yar ƙarama, ta dangwalo miya, ta kai. Leɓen ya daɗe a rufe.  Sai ya buɗe. Mnena ta haɗiye da ƙyar, ta ɓata rabin fuskar da ke motsi, alamar doyar ba ta yi mata ba. Ta sake buɗewa.

Sebastian ya je ya wanke hannu, ya dawo ya durƙusa a gabanta. Ya gutsuro loma da yatsunsa masu ciwo, ya yi mata doguwar magana da yarensu, murya ƙasa ƙasa. Sailuba ba ta jin Tibi, amma ta ji sunan kakarsa a ciki. Ya kai lomar bakin uwarsa.

Mnena ta rufe baki. Ta ɗauke kai daga gare shi ta mayar kan tulin ƙasa.

Ya tsaya a durƙushe, hannu a sama. Ya dubi Sailuba kamar ta sa baki. Da farko ta so ta ce ya yi maganinsa. Ga hakkin da ta yi ta nema an biya, a gaban kowa. Amma ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba.

"Kar ka dube ni," in ji ta. "Ni na sa ka tara ƙasa, wannan kuwa ba ni da iko da shi. Ka dawo ranar kafa wa doyar sanduna. Ka dawo ranar cire ciyawa. Ka yi ta dawowa."

Sista Lami ta matso kusa da kunnenta.

"Mama, kin san ɗan wannan ba zai biya komai ba. Iri kawai zai mayar. Doyar da ke ɗaki kuwa ba za ta wuce tsakiyar damina ba. Daga nan fa?"

Sailuba ta san haka tun kafin a faɗa. Ta san ribar sakwara ba za ta riƙe mutum biyu ba, ta san babur ɗin Sabasti ba zai haifi kuɗi ba. Ta dubi 'yan tulin da hulunansu na ciyawa, ba su kai a kira su gona ba.

"In mun kai can ma yi faɗan can. Ki tanadi bakinki, ni nawa a shirye yake."

Ta sake gutsuro loma. Mnena ta karɓa, idonta na kan ƙasar. Sebastian na nan a durƙushe bai tashi ba, tasa lomar ta fara bushewa a hannunsa.